Mun kai Ilham wurin lilo ranar Sallah, har yau tana firgita cikin dare

Maman Ilham

Assalamu alaikum warahmatullah. Barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Talata, na rasa wanda zan faɗa wa a cikin dangi ba tare da magana ta yi tsawo ba, shi ne na ce bari na kawo shi nan ko na samu shawarar manya.

Ilham shekararta uku da wata biyar. Tun tsakiyar azumi Abbanta yake mata alƙawarin in an yi Sallah zai kai ta wurin lilo. Kullum bayan an sha ruwa sai ya ɗora ta a cinya ya buɗe mata bidiyon wurin a waya, tana tafi tana cewa ita doki za ta hau. Sallah ta kama Lahadi 30 ga Maris, muka yi gaishe-gaishen dangi ranar da kuma Litinin, Talata muka ce ta Ilham ce. Niyyarmu mu fita ƙarfe tara, amma baƙi suka yi ta shigowa, ba mu bar Kubwa ba sai sha biyu saura. Muka isa rana ta take tsaka, kuma duk wanda ke Abuja ya san yadda zafin wannan lokacin yake kafin ruwa ya sauka.

Layin ƙofa kaɗai ya ci mana kusan minti arba'in. Ita kuwa leshinta na Sallah na saka mata, dogo har ƙasa, da ɗan hijabi da sabon takalmi. Da muka shiga, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai zagaye muka fara hawa mu uku, ta ji daɗi ƙwarai, har tana ɗaga wa mutane hannu. Muna sauka ta ce doki. Layin dawakan ya yi tsawo, sai Abbanta ya ce mu je wani mu dawo. Ya nufi babban kwale-kwalen nan da ke lilo gaba da baya, ma'aikacin ya tsayar da ita jikin allon awo ya ce tsayinta bai kai ba. Abbanta ya yi roƙo, yaron ya ƙi. Sai muka koma babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ake zama cikin akwaku yana ɗaga mutane sama. Can an yarda yaro ya hau in yana tare da babba. Muna zuwa bakin ƙofa ta ɗaga kai ta kalle shi, ta ƙanƙame ƙafata ta ce ba ta so. Na ce a bar ta. Ya ce ai an riga an yanki tikiti, kuma in ta hau za ta ga ba komai. Ya ɓamɓare ta daga jikina ya shiga da ita.

Ina tsaye a ƙasa ina jin ihunta, ba abin da zan iya. Kuma duk lokacin da za a sauke wasu sai abin ya tsaya, su suna can sama. Da suka sauko ta kwara masa amai a riga, askirim ɗin da ta sha duk ya dawo. Dokin da aka zo dominsa ko kallonsa ba ta ƙara yi ba. Muka zauna gindin wata bishiya na cire mata hijabi da takalmi, ashe duk dunduniyarta ta saɓule. Wata yarinya tana hura kumfar sabulu kusa da mu, ita kaɗai ce ta sa ta yi murmushi kafin mu tafi.

Yau dare uku ke nan tana firgita tana cewa "a sauke ni". Shi yana cewa ni nake sangarta ta, da ban nuna damuwa a gabanta ba da tuni ta manta. Ni kuma ina ganin an karya mata alƙawari an kuma tsorata ta. Ba zan faɗi sunan wurin ba don ba su yi mana laifin komai ba. Ku gaya min gaskiya tsakaninku da Allah: daidai ne a tilasta wa yaro hawa abin da yake tsoro? Kuma me zan yi mata yanzu?

Ummu Khalil

Wa alaikumus salam. Allah sarki Ilham, wallahi har na ji ta a raina. Ni dai tun daga "sha biyu saura" na san an samu matsala. Yarinya 'yar shekara uku, lokacin barcinta na rana, cikin leshi, a layi minti arba'in. Ko ba lilon ai kuka na nan tafe.

Abban Sadiq

Barka da Sallah 'yan uwa. Na san mata sun fi yawa a zauren nan, amma ku ba ni dama na faɗi abin da nake gani ta ɓangaren uba. Mutumin nan ya yi tanadi, ya ɗauki iyalinsa a wannan yanayi na tsadar mai da tsadar komai, ya biya kuɗin shiga, ya biya na kowane lilo daban. Ba mugunta ce ta kai shi ba, so yake 'yarsa ta ga abin da wataƙila shi bai gani ba yana yaro. Kuma yana tare da ita a cikin akwakun, ba jefa ta ya yi ita kaɗai ba. Sadiq ranar da na fara sa shi a motocin karon nan kuka ya yi, a zagaye na biyu kuwa da ƙyar na raba shi da sitiyari. Da na biye wa kukansa da har yau bai hau ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In duk abin da yaro ya ce yana tsoro aka janye shi, yaushe zai yi zuciya?

Anti Malama

Abban Sadiq, ba wanda ya ce uban yana da mugun nufi, kuma na yarda da kai a kan wahalar da ya sha. Amma iccen nan da ka ambata, in aka tanƙwara shi da ƙarfi lokaci guda karyewa yake yi.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da 'yan ajin raino, daga shekara uku zuwa biyar. Duk shekara ina ganin wannan a kan abin zamiyar da ke farfajiyar makaranta, wanda tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. Yaron da ke tsoronsa, in aka bar shi ya tsaya yana kallon 'yan uwansa, yau zai taɓa tsanin, gobe ya hau taki biyu ya sauko, kafin sati biyu shi ne kan gaba a layi. Wanda kuwa wani babba ya ɗauka cak ya ɗora a sama, sai ya yi wata guda ko kusa da wurin ba ya zuwa. Bambancin shi ne na farko da ƙafarsa ya hau, kuma ya san in ya so zai iya sauka. Motar karo da ka ambata a ƙasa take, Sadiq yana ganin ƙafar mutane, minti biyu an gama. Ilham kuwa an kulle ta a cikin akwaku a sama, tana cewa a sauke ta ba a sauke ta ba, kuma wanda ta fi yarda da shi a duniya ne ya riƙe ta a wurin. A shekarunta ba ta da hankalin da za ta ce wa kanta "ai ƙarfe ne mai ƙarfi, ba zan faɗo ba". Abin da idonta ya gani shi ne gaskiyarta.

Abban Sadiq

Anti Malama, shekarar Sadiq biyar a lokacin, wannan kam na yarda akwai bambanci. Amma har yanzu ina ganin in uwa ta nuna tashin hankali a gaban yaro, tsoronsa ninkuwa yake yi.

Anti Malama

Wannan gaskiya ne, yara suna karanta fuskar uwa. Sai dai Ilham ta ce ba ta so tun kafin uwarta ta buɗe baki. Ka koma ka duba yadda aka ba da labarin.

Maman Fatima da Zara

Wane wuri ne don Allah? Muna shirin zuwa ranar Asabar.

Shugabar Zaure

Ta ce ba za ta faɗi suna ba, a mutunta hakan. Mai son shawarar wurin zuwa ya tambaya daban.

Kawun Yara

Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan fannina ne. Na yi shekara biyu ina aiki a wani wurin wasan yara kafin na koma makaranta, kuma mafi yawan lokacin ni ne mai tsayuwa a bakin ƙofar lilo.

Da farko, Maman Ilham, yaron nan da ya hana ta hawa kwale-kwale ku sa shi a addu'a. Allon awon nan ba ado ba ne. Ƙarfen da ake saukarwa a kan cinya an ƙera shi ne daidai da jikin da ya kai wani girma. In yaro bai kai ba, akwai sarari tsakanin cinyarsa da ƙarfen, kuma lokacin da kwale-kwalen ya kai ƙololuwa zai dawo, jiki yakan ɗaga daga kujera. Babba ƙarfen zai tare shi, ƙaramin yaro kuwa zai iya zamewa ta ƙasa. Iyaye sukan ce "ai zan riƙe shi", amma a wannan daƙiƙar kai ma kanka kake riƙewa. Ba irin roƙon da ban gani ba. Wani ya miƙo maka kuɗi, wani ya ce ka san ko shi wane ne, wata ta ce wa yaron ya yi ɗage. Ranar Sallah sai na sha zagi ya fi sau goma kafin la'asar.

Na biyu, tsayawar da babban lilon ke yi a sama ba lalacewa ba ce, haka ake lodi da saukewa, akwaku ɗaya bayan ɗaya. Amma ga mai tsoro nan ne wuri mafi muni, don akwakun yana ɗan rangaji kuma ba ka san yaushe za a ci gaba ba. Abin da yawancin iyaye ba su sani ba shi ne, in kana ƙasa ka ga ɗanka ya rikice, je ka gaya wa mai tuƙa injin. Yana iya tsayar da akwakunsu da zarar ya iso ƙasa ya buɗe musu, ba sai an cika zagaye ba. Na sha yi. Ba wanda ke son yaro ya shiɗe masa a sama.

Sai maganar kaya, wadda ta fi damuna da mutanenmu. Dogon hijabi, gyale, rigar da ke jan ƙasa, babbar riga ga yara maza, duk suna iya maƙalewa a ƙofa ko sarƙa ko taya, musamman a ƙananan motocin tsere masu inji a baya. In mace za ta hau, ta tattare mayafinta ta cusa bakinsa cikin riga. Yarinya ƙarama kuwa a sa mata wando da riga na auduga da hijabi iya kafaɗa, leshin a ɗauki hoto da shi a gida. Kuma da rana tsaka, kafin ku zaunar da yaro a kujerar ƙarfe ko abin zamiya, ku ɗora tafin hannunku tukuna. Na ga cinyar da ta tashi saboda haka.

In an ɗauke wuta kuna sama, ku zauna yadda kuke har a tayar da janareta. Kada kowa ya yi ƙoƙarin buɗe ƙofa.

Maman Ilham

Innalillahi, Kawu, da na san zan iya magana da mai injin da tun zagayen farko na yi. Tsaye kawai na yi ina ta salati. Allah Ya saka da alheri.

Kawun Yara

Amin. Ba laifinki ba ne, ba a rubuta wannan a ko'ina. Kuma tikitin da ba a yi amfani da shi ba, ku riƙa tambaya ko za a karɓa a wani lilon. A inda na yi aiki ana karɓa in farashin ɗaya ne.

Maman 'Yan Biyu

Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari na ce wani abu kan aman. Ba dole tsoro kaɗai ne ya kawo shi ba. A cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki yana motsi ko yana tsaye. In abin da kunne ya ji ya saɓa da abin da ido ke gani, sai jiri da tashin zuciya, irin wanda wasu ke yi a mota. Yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu su suka fi fama da shi. Ki haɗa da askirim a ciki, ga kuka, ga rana.

Zafin ranar ne ma ya fi ba ni tsoro. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma in yana cikin ɗoki ba zai ce yana jin ƙishi ba. Ruwa ake ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba lemon kwalba ba. In kika ga ya yi laushi, leɓensa ya bushe, ya daɗe bai yi fitsari ba, a shiga inuwa, a rage masa kaya, a shafa masa ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sikari. Ni ba na fita da yara ba tare da ƙullin ORS ɗin nan na kemis a jakata ba. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sikari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuwa ya fara rikicewa ko ya kasa sha, asibiti kai tsaye.

Firgitar dare bayan abu irin wannan ba baƙon abu ba ne a shekarunta, yawanci tana wucewa. In ta tashi ki rungume ta, ki ce mata tana gida, tana ƙasa, ki tofa mata addu'a. Kar a ce mata "ai ba komai", kar kuma a yi mata dariya a gaban baƙi. In ya ɗauki makonni bai ragu ba, ko ta daina cin abinci, ko zazzaɓi ya shigo, ku ga likita. Dunduniyar kuma a wanke a bar ta ta sha iska, silifas za ta sa har ta warke.

Hajiya Kaka

'Yata Maman Ilham, na sa jikata ta karanta min duka. Ki saurare ni. Mijinki ya yi kuskure, amma ki lura da kyau, shi ma abin yana cinsa. Namijin da ya ɗauki rabin azumi yana nuna wa 'yarsa hoto, ya ga ta sauko tana amai tana gudunsa, kunya ce ta kama shi, shi ya sa yake juya maganar kanki. In kika tsaya sai ya ce "na yi laifi" da bakinsa, za ki daɗe kina jira. Ki bar zancen wa ya yi daidai. Ki ce masa, Abban Ilham, yarinyar nan fa tana binmu bashin doki.

Don alƙawarin yaro ba wasa ba ne. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wata mata ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka wani abu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. To ita doki aka ce mata.

Mu a zamaninmu a Kano, gidan zu muke kai yara, wanda aka gina tun mulkin Audu Bako. Babban ɗana yana ɗan shekara huɗu ya ji gurnanin zaki ya ruga ya shige zanina. Ubansa, Allah Ya jiƙansa, bai ce masa komai ba, ya ɗora shi a wuya muka koma wajen birai da jimina. Shekara na zagayowa shi da kansa ya ja hannun ubansa zuwa kejin zakin. Haka ma ranar Hawan Daushe, in aka fara buga bindiga yaro ya tsorata, baya ake ja da shi, ba gaba ba.

Maman Ilham

Hajiya, na gode, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Wallahi ban kalli abin ta wannan fuskar ba. Tun ranar Abbanta ya rage cin abinci, na ɗauka fushi yake da ni.

Baban Nana, Yamai

Salamu alaikum. Mu nan Yamai in Salla ta zo, gidan kallo na Boubou Hama yara ka cika, wanda anka buɗe tun 1959. Akwai zaki da dorina da kada, akwai kuma ƙasusuwan manyan dabbobin nan na dauri da anka haƙo cikin hamada. Shekaran jiya munka tahi da ɗiyata, kuma abin da ni ka so in ƙara shi ne maganar ɓacewar yaro, don na ga uwa guda tana kuka tana neman nata. Ni kullum kahin mu hita sai in rubuta lambar wayata bisa takarda in sa aljihunta, in kuma rubuta ga hannunta da biro. In ɗauke ta hoto da kayan da ta sa ran nan, don in ta ɓace in nuna ma mutane. Kuma na koya mata in ba ta gan mu ba ta tsaya inda take, ta kira mace mai goyo ko mai kayan aiki.

Ummu Khalil

Wannan na hoton dabara ce mai kyau. Ranar Sallah yara goma za ka gani da atamfa iri ɗaya. Kuma a raba aiki tun daga mota, a ce wane kai ke riƙe da wane. Yaro yakan ɓace ne lokacin da uwa ta ɗauka yana wajen uba, uba ya ɗauka yana wajen uwa, musamman in an je alwala ko sayen abinci.

Maman Yasmin, Faransa

Barkanku da Sallah daga nesa. Don kar a ce a gida ne kawai ake wannan rigimar. Bara mun kai Yasmin Disneyland ta Faris, wadda aka buɗe a 1992, tafiyar kusan minti arba'in a jirgin ƙasa daga tsakiyar gari. Can ma awo ne a bakin ƙofa, ba sani ba sabo. Jirgin da ke ratsa dutse, Big Thunder Mountain, sai yaro ya kai santimita 102, wani jirgin kuwa, Hyperspace Mountain, 120. Yarinya 'yar shekara uku yawanci tana wajen 95 ne, sai ta kusa huɗu take kai 102, ka ga ba su ma yi waɗannan don su ba. Abin da ya burge ni shi ne suna da tsari na iyaye masu ƙaramin yaro: ɗaya ya hau ɗaya ya tsaya da yaron, in ya sauko ɗayan ya shiga ba tare da ya sake bin layi daga farko ba. Don sun san sau da yawa babban ne ke son hawa, kuma ba laifi ba ne. Da Abban Ilham ya hau shi kaɗai yana ɗaga mata hannu daga sama, ina jin da labarin ya canza.

Yasmin kuwa, bayan duk kuɗin da muka kashe, lilon dawakai ta hau sau huɗu, kuma da mutumin da ya sa kayan ɓera ya matso zai gaishe ta ɓuya ta yi a bayana. Ƙarfe uku ta yi barci a keken turawa. Ni yanzu ra'ayina, babban wuri mai tsada a jira yaro ya kai biyar ko shida.

Abban Sadiq

A nan kam ban yarda ba. In aka ce sai shida, ƙanne fa? Gidan da ke da yara huɗu ba za a bar ƙaramin a gida ba. A je da shi, a dai san abin da za a ɗora shi a kai.

Maman Yasmin, Faransa

Ina maganar wanda za a je dominsa ne shi kaɗai, kamar Ilham. In da yayye ai dole a tafi tare.

Maman Fatima da Zara

To ni da nawa shekara biyu da huɗu, ku ba ni shawara, Asabar ɗin nan in fasa?

Ummu Khalil

Kar ki fasa, ki dai je da wuri ki dawo kafin azahar, ko ki bari sai bayan la'asar. In kuma so kike su yi gudu su gaji, ki kai su Millennium Park a Maitama, wanda marigayiya Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, ta buɗe a Disambar 2003. Fili ne da ciyawa da bishiyoyi, ki tafi da tabarma da ƙwallo da abincinki a kula. Nawa sun fi daɗewa suna wasa a can fiye da ko'ina.

Kawun Yara

In wurin lilon ne, lokacin buɗewa ya fi. Babu layi, ƙarfe bai yi zafi ba, ma'aikata ba su gaji ba, kuma za ki ga ana gwada injinan ba kowa a ciki, yaran su kalla tukuna. Ki fara da abin da suka ce suna so, ko da layinsa ya fi tsawo.

Maman Ilham

Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Na yi yadda Hajiya ta ce. Bayan isha na kai masa shayi na ce yarinyar nan tana binmu bashin doki. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce tun ranar in ya rufe ido fuskarta yake gani a cikin akwakun nan. Na ba shi wayata ya karanta abin da Kawu ya rubuta, ya kai wajen maganar ƙarfen cinya ya ajiye wayar ya yi ta istigfari, don shi ne ya roƙi a bar ta ta hau.

Jiya Asabar muka koma, muna cikin na farko da suka shiga. Wando da riga na sa mata da tsohon takalminta, lambar Abbanta a hannu. Tun a mota ya ce mata yau ita za ta zaɓa, abin da ba ta so ba za a hau ba. Da muka shiga ta hango babban lilon ta juya baya ta riƙe hijabina, muka bi ta wata hanyar. A wajen dawakan ma ba ta hau nan take ba, sai da ta kalli zagaye biyu. Sannan ta nuna wani fari, Abbanta ya ɗora ta ya tsaya a gefenta hannunsa a bayanta. Sau uku ta hau. A na ukun ta ce ya cire hannunsa.

Firgitar ba ta tafi gaba ɗaya ba, ta yi sau ɗaya a satin nan, amma da na rungume ta ta koma barci. Da muka dawo gida ya tsayar da ita jikin ƙofar ɗaki ya yi alama da biro, ya auna da tef ɗin ɗinkina, santimita 97.

Hajiya Kaka

Alhamdulillahi. Allah Ya raya ta, Ya shirya mana su baki ɗaya. Ki gaishe min da mai gidan.

Abban Sadiq

Masha Allah. Kawu, tambaya ɗaya: ƙanwar Sadiq shekararta uku, motar karon nan in na ɗora ta a cinyata ya halatta?

Kawun Yara

A cinya a'a, in an yi karo sitiyarin ne zai bugi ƙirjinta, nauyinka kuma yana bayanta. In tsayinta ya kai abin da aka rubuta a allon wurin, ta zauna a kujerar gefenka da nata bel ɗin. In bai kai ba, akwai ƙananan motocin yara masu bin layin ƙarfe a hankali, ka sa ta a can.